Bluetooth, Dongul ko Wi-Fi: Wanne Ya Dace da Wane Aiki?

Linzamin kwamfuta guda biyu suna iya zama iri ɗaya a ido, kamfani ɗaya ya ƙera su, dukansu ba kebul, amma ɗaya ya zo da ɗan mitsitsin abin da ake sokawa a kafar USB, ɗayan kuma Bluetooth kaɗai ya sani. Haka abin yake a allon rubutu, da lasifika, da abin sauraro na kunne, da firinta, da hannun wasan bidiyo. Mai saye yakan ɗauka duk tafiyar ɗaya ce tunda dai an rabu da kebul. Ba ɗaya ba ce. Hanyoyi uku ne ke takara a kan teburin mai kwamfuta: Bluetooth, da wancan ɗan abin na USB da ake kira dongul, da Wi-Fi. Akwai wasu a gefe, irin su NFC da infirared, za a zo kansu, sai dai su ba kasafai ake ba mutum zaɓi a kansu ba.

Abin da zai raba maka gardama shi ne irin kayan da za a ɗauka. Ɗan saƙo ne ƙanƙani da ake aikawa a kai a kai, kamar danna harafi? Abu ne da dole ya iso a kan lokaci, kamar murya da motsin wasa? Ko kuwa kaya ne mai nauyi, kamar bidiyo? Kowace hanya an gina ta ne don ɗaya daga cikin waɗannan. In ka ɗora mata aikin 'yar uwarta za ta yi, amma da ɗingishi.

Duka ukun rediyo ne, kuma galibi a zango ɗaya suke magana, wato gigahaz 2.4, wanda ya tashi daga megahaz 2400 zuwa 2483.5. An bar wannan zangon a buɗe ba sai da lasisi ba, shi ya sa kowa ya tattaru a cikinsa: rautar gidanka, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi, rautocin maƙwabta, kyamarar tsaro, har da murhun maikurowef, wanda ke aiki a wajen gigahaz 2.45 kuma yakan ɗan yi yoyon hayaniya. Ruwa yana shanye wannan igiyar rediyon, jikin ɗan Adam kuwa mafi yawansa ruwa ne. Don haka idan wayarka tana aljihun baya, ka juya kai sauti ya ɗan katse a kunne, sau da yawa ba na'urar ce ta lalace ba, kai ne ka shiga tsakani.

Bluetooth biyu ne, suna ɗaya

Injiniyoyin kamfanin Ericsson ne suka fara aikin a garin Lund na Suwidin a 1994, cikinsu har da Jaap Haartsen ɗan ƙasar Holan. A 1998 Ericsson da IBM da Intel da Nokia da Toshiba suka kafa ƙungiyar da ke kula da fasahar har yau. Burinsu ba babba ba ne: a kawar da gajerun kebul da ke tsakanin waya da kayan da ke kewaye da ita, ba tare da an cinye batir ba. Wannan asalin shi ya bayyana ƙarfinsa, shi kuma ya bayyana rauninsa.

Dabarar da yake bi a cikin cunkoso ita ce tsalle. Bluetooth na asali ya raba zangon zuwa layuka 79, yana sauya layi sau 1600 a sakan ɗaya, kuma tun daga bugun 1.2 na 2003 ya koyi kauce wa layukan da ya tarar da hayaniya. Ƙarfin da yawancin ƙananan na'urori ke fitarwa bai wuce miliwat 2.5 ba, wanda ke kai wa kimanin mita 10 idan babu bango. Akwai aji mai miliwat 100 da ake cewa yana kai mita 100, amma sai ɓangarorin biyu duk suna da irin wannan ƙarfin, kuma a fili.

Abin da kwali ba ya faɗa shi ne Bluetooth biyu ne. Akwai na asali, wanda har yanzu shi ke ɗaukar mafi yawan kiɗa da kira. Akwai kuma mai tsimin wuta, wanda ake kira LE, ya shigo da bugun 4.0 a 2010. Shi layuka 40 gare shi, kuma mafi yawan lokacinsa barci yake, ya farka ya jefa ɗan saƙo ya koma. Shi ke cikin agogon hannu na zamani, da ma'aunin bugun zuciya, da yawancin sababbin linzamai da allunan rubutu, shi ya sa batir ɗaya ke kai su watanni.

Wannan ya sa lambar bugu take yaudarar mutane. Da aka fito da 5.0 a 2016 an yi ta shelar ninkin gudu biyu da ninkin nisa huɗu. Gaskiya ne, amma na LE ne kaɗai, kuma ba a samun biyun a lokaci guda: ko gudu ko nisa. Abin sauraron da aka rubuta wa 5.3 a jiki, in dai ta tsohuwar hanya yake karɓar kiɗa, sautinsa ba zai fi na mai 4.2 daɗi ba saboda lambar kawai. Ni dai ban ga dalilin da mutum zai fifita wata na'ura a kan wata don bambancin 5.2 da 5.3 ba, sai in akwai takamaiman abin da yake nema a ciki.

Linzami da allon rubutu

A nan ne dongul ya fi samun bakin magana. Shi ba yare ɗaya ne da duniya ta amince da shi ba, kowane kamfani da nasa. An riga an haɗa shi da na'urarsa tun daga masana'anta, sai ka soka ya kama aiki. Kwamfuta kuma ba ta ma san babu kebul ba, a wurinta allon rubutu ne na USB kamar kowane. Amfanin wannan yana fitowa ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, kana buƙatar danna maɓalli ka shiga BIOS, wato saitin da ke buɗewa kafin Windows ya tashi, ko kana sake ɗora Windows. A lokacin, manhajar da ke tuƙa Bluetooth ba ta riga ta farka ba, don haka a yawancin kwamfutoci allon Bluetooth kurma ne. Na dongul kuwa yana amsawa tun daga sakan na farko. Duk mai kwamfutar tebur da ba shi da wani allo a ajiye, wannan kaɗai ya isa ya sa ya zaɓi dongul.

Sai batun jinkiri. A ƙa'idar LE, mafi ƙarancin tazara da aka daɗe ana amfani da ita tsakanin saƙo da saƙo ita ce milisakan 7.5, wato kusan saƙo 133 a sakan. Linzamin da aka ƙera don wasa yana aika 1000 a sakan ta dongul ɗinsa, wasu ma sun wuce haka. Sai dai a yi hattara, ba kowane dongul ne mai sauri ba. Na linzamin ofis galibi 125 yake aikawa, wato shi da Bluetooth kunnen doki. Mai rubuta wasiƙa da cike jadawali ba zai ji bambanci ba. Abin da zai ji shi ne ɗan nawar farkawa: ka bar linzamin Bluetooth na ɗan lokaci, ka dawo ka motsa shi, kibiya ta yi shiru kamar sakan ɗaya kafin ta biyo. Wasu ba su damu ba, wasu kuma abin yana ci musu rai kullum.

Ta ɗaya ɓangaren, dongul yana cin kafar USB, siraran laftof na yanzu kuwa wasu kafa biyu kacal gare su, kuma duk USB-C, alhali yawancin dongul na tsohuwar kafa ne. Sai ka ƙare da rataya adafta. Ba ya da daɗin amfani da waya ko tablet. Kuma idan ya ɓata, a yawancin na'urori masu arha shi ke nan, linzamin ya zama abin ado, domin babu hanyar haɗa shi da wani. Manyan kamfanoni sun ɗan rage wannan matsalar: dongul ɗin Unifying na Logitech yana ɗaukar na'urori har 6, kuma ana iya sayen wani a sake haɗawa. Amma na Logitech kaɗai yake ji, kuma ko a cikin gidan, Unifying ba ya jin yaren ƙanensa Bolt.

Ga wata matsala da ke sa mutane jefar da linzami mai lafiya. Kibiya tana tafiya sumul, sai ka soka filash ko faifan ajiya na waje a kafar da ke maƙwabtaka da dongul, ka fara kwafar fayil, nan take kibiya ta shiga tsalle-tsalle, ta tsaya, ta zabura. Ka cire filash, ta warke. Dalili shi ne kafar USB 3.0, mai shuɗin harshe, tana fitar da hayaniya a daidai zangon gigahaz 2.4 idan tana aiki, kuma Intel ya wallafa bayani a kan haka tun 2012. Maganin ba shi da wuya: ka mai da dongul ɗaya gefen, ko kafar USB 2.0, ko ka sa masa ɗan kebul na ƙari ya fito kan tebur kusa da linzamin. Haka nan idan an soka shi a bayan akwatin kwamfuta na ƙarfe a ƙarƙashin tebur, an ɓoye shi ne daga abin da ya kamata ya ji.

Inda Bluetooth ya yi zarra shi ne ga mai na'urori da yawa. Allon rubutu ɗaya mai maɓallan sauyawa uku zai yi maka aiki da laftof, da tablet, da waya, danna ɗaya ka koma wata. Ga matafiyi da ba ya son wani abu ya leƙo daga gefen laftof, shi ne zaɓi. Da yawa daga cikin na'urorin yanzu suna zuwa da hanyoyin biyu, da ɗan makunni a ƙasa. In da hali, irinsu za a nema, a ba kwamfutar aiki dongul, a bar Bluetooth wa sauran.

Sauti, inda aka fi yin kuka

Ka sa abin sauraro na Bluetooth a laftof kana jin kiɗa, sauti cike, ganga na dukan ƙirji. Sai lokacin taro ya yi, ka buɗe Zoom ko Teams. Nan take komai ya ƙanƙance, muryoyi suka koma kamar ta tsohuwar tarho, kiɗan da ka manta ba ka kashe ba ya zama siriri ba armashi. Ka fita daga taron, ya dawo daidai. Babu abin da ya lalace. Bluetooth na asali salo biyu gare shi na sauti. Ɗaya, A2DP, hanya ɗaya ce mai faɗi daga kwamfuta zuwa kunne, kunnuwa biyu kowane da nasa, amma ba makirufo. Ɗayan, HFP, yana kaiwa yana komowa don a yi magana, amma ya matse sautin zuwa murya tilo, a kilohaz 8 ko 16. Da zarar wata manhaja ta nemi makirufo, sai a sauka daga na farko a hau na biyu. Dabarar masu yawan taro ita ce su shiga saiti su zaɓi makirufon laftof ko wani na USB, su bar abin kunne ga sauraro kawai. A haka sautin ba ya faɗuwa.

Abu na biyu a batun sauti shi ne kodek, wato tsarin da ake matse sauti da shi kafin a aika. SBC shi ne wanda dole kowace na'ura ta iya. Sama da shi akwai AAC, da aptX na Qualcomm, da LDAC na Sony wanda ke kai kilobit 990 a sakan. Sharaɗin shi ne ɓangarorin biyu su iya kodek ɗaya, in ba haka ba su koma SBC ba tare da sun sanar da kai ba. iPhone ba ta jin aptX ko LDAC, AAC take amfani da shi. Android kuwa tun bugu na 8 ta shigo da LDAC. Saboda haka wanda ya sayi abin sauraro don LDAC alhali iPhone ce a hannunsa, ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa ji ba. Kuma a faɗi gaskiya, ingancin ƙirar lasifikar da ke cikin kunnen da yadda ta zauna sun fi kodek tasiri ga mafi yawan masu sauraro.

Na uku, kuma shi ne ba shi da magani mai sauƙi, jinkiri. Matse sauti, aika shi, tara shi, sannan buɗe shi yana cin lokaci, galibi tsakanin milisakan 100 zuwa 300. Wajen kallon bidiyo ba kasafai ake gani ba, domin manhajar tana jinkirta hoto da gangan ya jira sauti. Wasa ba ya jira. Ka harba, ka ga wuta, sai daga baya ƙara ta iso. Mai kaɗa piyano ta kwamfuta ko mai gyaran bidiyo da ke daidaita leɓe da murya, su ma ba su da abin yi da irin wannan. Shi ya sa abin sauraron da aka ƙera don wasa ke zuwa da dongul: jinkirinsa 'yan gomomin milisakan ne ko ƙasa da haka, kuma makirufo yana aiki ba tare da sautin ya durƙushe ba. Ba banza ba PlayStation 5 ba ta karɓar abin sauraro na Bluetooth kai tsaye, Nintendo Switch ma sai a 2021 ta buɗe wannan ƙofar.

Akwai gyara a hanya. A 2020 aka sanar da LE Audio, wanda ya mai da sauti kan hanyar mai tsimin wuta da sabon kodek mai suna LC3. Yana rage jinkiri, yana inganta muryar kira, kuma ta Auracast na'ura ɗaya tana iya watsa sauti ga kunnuwa da yawa a lokaci guda, abin da zai taimaki masu sa na'urar ƙara ji. Windows 11 ya iya shi, amma sai guntun rediyon kwamfutar da direbansa, wato manhajar da ke tuƙa shi, da abin kunnen duk sun iya. Laftof ɗin da ta kwana biyu da wuya ta cika sharaɗin. Don haka kada a sayi abu yau bisa alkawarin LE Audio sai an tabbatar ɓangarorin biyu sun rubuta shi ƙarara.

Lasifikar ɗaki kuma wani lissafi ne daban. Ta Bluetooth tana da batir, ana ɗaukarta ko'ina, ba ta buƙatar rauta. Amma duk abin da ya yi ƙara a wayarka zai fito ta cikinta, har da shigowar saƙo, kira ya shigo kiɗa ya tsaya, ka fita da wayar ya yanke. Ta Wi-Fi, idan ana amfani da irin Google Cast ko Spotify Connect, ita da kanta take janyo kiɗan daga intanet, wayar rimot ce kawai, kana iya amsa kira ko ka fita abinka. Ana kuma iya haɗa ɗakuna da yawa su yi kiɗa ɗaya a tare. Kuɗin wannan shi ne tana son wutar soket da rauta mai lafiya. Wadda za ta zauna wuri ɗaya, Wi-Fi ya fi mata. Wadda za ta yi yawo, Bluetooth.

Kaya masu nauyi

A nan babu takara. Bluetooth na asali a ƙololuwarsa megabit 3 ne a sakan a takarda, abin da ke isa hannu bai fi 2 da ɗoriya ba. Bidiyo mai gigabait 1 megabit 8000 ne. Raba da 2, ka sami sakan 4000, sama da awa ɗaya ke nan. A Wi-Fi mai ba da megabit 200, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne a zangon gigahaz 5, sakan 40 ya isa. Tura bidiyo ta Bluetooth kwashe tulin yashi ne da cokali.

Mutane da yawa suna ɗauka Wi-Fi yana nufin intanet, don haka suna tsoron cin data. Na'urori biyu suna iya magana ta Wi-Fi kai tsaye ba rauta, ba layin waya, ba data. An tsara wannan da sunan Wi-Fi Direct tun 2010, kuma irin wannan haɗin ne ke ƙarƙashin manhajojin tura fayil da aka sani. AirDrop na Apple, wanda ya fara a kwamfutocin Mac a 2011 ya shiga iPhone a 2013, da Bluetooth yake lalubo wanda ke kusa, sannan ya miƙa wa Wi-Fi dakon kayan. Quick Share na Android, wanda Google da Samsung suka haɗe nasu suka samar a 2024, shi ma haka yake haɗa biyun, kuma yana da manhaja ta Windows. Xender da ire-irensa kan buɗe ɗan hotsufot a waya ɗaya, ɗayar ta shiga. Wannan ne ya sa manhajar ke cewa ka kunna Bluetooth da Wi-Fi duka: ɗaya ɗan aike ne, ɗaya ɗan dako. Inda ake shan wahala shi ne tsakanin gidaje daban-daban, misali iPhone da kwamfutar Windows, domin AirDrop bai san Windows ba. A nan manhaja irin LocalSend tana fitar da kai, muddin na'urorin biyu suna kan Wi-Fi ɗaya.

Ba wa laftof intanet daga waya ma haka lissafin yake. Hotsufot na Wi-Fi yana da gudu, amma yana ɗumama waya yana zuƙe batir. Ta Bluetooth ma ana iya yi, gudun ba zai wuce megabit 1 zuwa 2 ba, ya isa imel da saƙonni, batir kuma ya daɗe. In aikin mai tsawo ne, kebul na USB ya fi duka biyun, tunda yana caji yana ba da intanet.

Haska fuskar kwamfuta a talabijin ko majigi aikin Wi-Fi ne zalla, Bluetooth ba ya iya ɗaukar hoto mai motsi. Miracast, wanda ya fito a 2012, yana bi ta Wi-Fi Direct, a Windows kuma danna maɓallin Windows tare da K ke buɗe shi. AirPlay da Chromecast galibi suna son kowa ya hau rauta ɗaya. Don nuna hotuna da jawabi sun wadatar. Don wasa, ko taron da ba a son abin kunya a gaban jama'a, a riƙe kebul na HDMI a jaka.

Firinta kuwa a sa ta a kan rauta, kowa a gida ko ofis ya same ta, wayoyi ma su buga ta AirPrint ko Mopria ba sai an ɗora direba ba. Abu ɗaya da ke yawan rikita mutane: firintoci da yawa zangon 2.4 kaɗai suke ji, in rautar tana watsa na gigahaz 5 kawai ba za su ma gan ta ba. Wi-Fi Direct na firinta yana da amfani ga baƙo ko inda babu rauta. Bluetooth a firinta sai ƙananan nan masu buga rasit da lakabi, inda abin bugawar layi kaɗan ne.

Akwai wata riba ta gefe: duk abin da ka iya mayarwa zangon gigahaz 5 ko 6, ka mayar. Laftof da talabijin suka bar 2.4, sai fili ya buɗe wa linzami da abin kunne, waɗanda ba su da wani wurin zuwa. Zangon 5 bai kai 2.4 ratsa bango ba, amma a ɗaki ɗaya da rauta ya fi gudu da natsuwa nesa ba kusa ba.

Na gefe

NFC, wato fasahar taɓa waya ko kati a jikin na'ura, yana aiki a megahaz 13.56, nisansa 'yan santimita ne, gudunsa bai wuce kilobit 424 a sakan ba. Gajartar nisan ita ce amfaninsa: sai ka kai abu ka taɓa da niyya. Shi ya sa ya dace da biyan kuɗi, da katin buɗe ƙofa, da makullin tsaro na shiga asusu, kuma katin ba ya buƙatar batir, daga na'urar da ke karanta shi yake samun wuta. Ba na tura fayil ba ne, Google ma ya cire Android Beam, hanyarsa ta tura abu da NFC, a Android 10. Yawancin laftof ba su da shi.

Infirared haske ne da ido ba ya gani, sai an saita, kuma ba ya ratsa komai. Ka nuna bakin rimot ga kyamarar waya ka danna, a wayoyi da yawa za ka ga ɗan haske mai ruwan shunayya yana ƙyaftawa, hanya mafi sauƙi ke nan ta gane ko rimot ne ya mutu ko talabijin. A tsakanin kwamfuta da waya zamaninsa ya wuce, amma a rimot ɗin talabijin da na'urar sanyaya ɗaki yana nan daram, don arha ne kuma ba ya buƙatar haɗawa. UWB, wani rediyon gajeren nisa da Apple ya sa a iPhone 11 a 2019, gwanin auna nisa ne har zuwa santimita, shi ke nuna kibiya zuwa AirTag, ɗan abin da ake maƙala wa kaya don a gano inda suke. Zigbee da Thread na fitilu ne da na'urorin lura da ƙofa, kilobit 250 suke ɗauka, kowace na'ura mai wutar soket tana miƙa wa ta gaba, kuma suna buƙatar uwar na'ura a tsakiya. Mai ƙwan fitila biyu ko uku, Wi-Fi ya ishe shi. Mai niyyar cika gida da su, gara ya bi ta Zigbee ko Thread kada ya shaƙe rautarsa.

Ta fuskar tsaro babu wanda ya tsira da tsabta. A 2016 masu bincike na kamfanin Bastille suka nuna MouseJack, inda mutum daga nesa ke iya cusa rubutu ta dongul na kamfanoni da dama, saboda saƙon linzami ba a rufe yake ba. A 2017 kamfanin Armis ya bayyana BlueBorne, ɓarakar da ta shafi Bluetooth a Android da Windows da Linux da tsofaffin iPhone. Bambancin shi ne Bluetooth ƙa'ida ce da idanu da yawa ke kanta, gyara kuma yana zuwa tare da sabunta waya ko kwamfuta, alhali dongul mara suna babu mai sabunta shi har abada. Ga allon da za a riƙa rubuta kalmar sirri ta banki ko ta ofis da shi, a nemi wanda ya faɗi ƙarara cewa yana rufe saƙo da AES, wato wani tsarin kulle saƙo da aka sani, ko na Bluetooth daga kamfanin da aka sani. A kuma bar AirDrop da Quick Share a kan abokan hulɗa kawai idan ana cikin taron jama'a.

Saura mai kwamfutar tebur da ba ta zo da Bluetooth ba. Zaɓi biyu gare shi. Ɗan adaftan Bluetooth na USB yana da sauƙin sokawa, ya isa linzami da allo, amma eriyarsa ƙanƙanuwa ce, kuma duk abin da aka faɗa game da hayaniyar USB 3.0 ya hau kansa. Katin Wi-Fi da ake sawa a cikin akwati yana zuwa da Bluetooth a haɗe, da eriya ta waje, don haka ya fi kai wa nesa, sauti ma ya fi tsayawa. Irin katin da ke shiga ramin PCIe yakan zo da wani siririn kebul da ake sokawa a mahaɗar USB ta cikin madabod, wato babban allon da ke cikin akwatin, in an manta da shi Wi-Fi zai yi aiki, Bluetooth ba zai bayyana ba sam. Haka kuma eriyoyin nan biyu da ake murɗawa a baya, ko da kebul ke kawo maka intanet kana ganin ba ka buƙatarsu, ka ɗaura su, domin Bluetooth da su yake ji. Ba tare da su ba, abin kunne zai fara yankewa tun kana zaune a gaban kwamfutar.